Tare Amai Tun Kafin Ya Taso: Magungunan Kariya a Tiyatar Maƙoƙo

Tashin zuciya da amai suna cikin abubuwan da suka fi wahalar da wanda aka yi wa tiyata a yinin farko bayan ya farfaɗo daga maganin barci. A tiyata gaba ɗaya, kusan mutum 3 cikin kowane 10 ne ke haɗuwa da su. A tiyatar maƙoƙo kuwa abin ya zarce haka nesa ba kusa ba. Binciken da aka yi a asibitoci daban-daban ya nuna cewa idan ba a ba da maganin kariya ba, mutum 6 zuwa 8 cikin 10 sukan yi fama da tashin zuciya, ko kakari, ko amai sosai, a cikin awa 24 na farko. Saboda haka likitocin sa barci ba sa jira sai amai ya zo su nemi maganinsa. Tun maras lafiya bai shiga ɗakin tiyata ba ake lissafin abin da za a ba shi, da lokacin da za a ba shi.

Halittar da ake yi wa aikin ita ce likitoci ke kira tayirod. Tana kwance a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, ta rungume bututun numfashi ta hagu da dama kamar fukafukan malam-buɗe-littafi. A jikin baligi mai lafiya nauyinta bai fi giram 15 zuwa 25 ba. Idan ta kumbura ta fito fili, shi ne maƙoƙon da kowa ya sani, wanda ƙarancin sinadarin aidin a abinci ya daɗe yana haddasawa kafin a wajabta zuba shi a gishiri. Akan cire rabinta ko dukkanta idan ta yi girman da take danne numfashi ko haɗiya, ko tana aiki fiye da kima har magani ya kasa, ko kuma ana zargin ciwon daji.

Abin da ya sa amai a nan ya fi na ko'ina haɗari

Tayirod halitta ce mai shan jini ƙwarai. Idan aka auna da ƙanƙantarta, kaɗan ne a sassan jiki suka fi ta yawan jijiyoyin jini. A tsakiyar ƙarni na 19 zubar jini da ruɓewar rauni sun sa kusan mutum 4 cikin 10 da aka yi wa wannan aiki suna mutuwa, har manyan likitocin fiɗa na Turai suka riƙa gudunsa. Theodor Kocher na birnin Bern a Suwizalan ne ya sauya lamarin, ta hanyar aiki a natse da ɗaure kowace jijiya ɗaya bayan ɗaya, har mace-macen suka koma ƙasa da 1 cikin 100. A kan haka aka ba shi kyautar Nobel a 1909.

Jijiyoyin nan da aka ɗaure ko aka ƙona bakinsu su ne abin tsoro idan amai ya taso. Mai kakarin amai yakan riƙe numfashi ya matse ciki da ƙirji, jini ya cika jijiyoyin wuya har su yi ruɗu-ruɗu. A wuyan da aka gama ɗinkewa awa ɗaya ko biyu da suka wuce, wannan matsin yana iya ɓalle ɗauri ko ya ture gudan jinin da ya toshe bakin jijiya. Wuya kuma wuri ne matsattse. Jinin da zai taru a ciki ko cinya ba a damu ba, idan ya taru a wuya yakan hana sauran jini komawa ƙirji, maƙogwaro ya kumbura daga ciki, numfashi ya fara gagara. Irin wannan taruwar jini tana samun kamar mutum 1 zuwa 2 cikin 100, kuma mafi yawanta a awa 6 na farko take faruwa, daidai lokacin da amai ya fi ƙamari. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin Birtaniya suka fitar a 2021 sun nemi a riƙa duba maras lafiya aƙalla kowace awa a wannan tsakanin, a kuma ajiye kayan warware ɗinki a gefen gadonsa, domin idan numfashi ya tsaya babu lokacin gungura shi zuwa ɗakin tiyata.

Ko da ba a kai ga wannan ba, amai yana da nasa ɓarnar. Wanda bai gama wartsakewa ba yana iya ƙwarewa, abin da ya amayar ya faɗa huhu. Ruwan jiki yakan ragu, sallama ta yi jinkiri, kuɗin gado ya ƙaru. Wanda aka cire wa tayirod dukkanta yana bukatar haɗiye ƙwayoyi tun da wuri, musamman na sinadarin kalsiyam, kuma cikin da ke dawo da komai ba zai riƙe su ba. Su kansu marasa lafiya ba sa raina abin. A wani bincike da aka yi a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1999, an nemi masu jiran tiyata su jera abubuwan da suka fi ƙi su same su bayan aiki, sai amai ya zo a sama, ya wuce har zafin rauni.

Yadda amai ke tasowa

Ciki ne ke fitar da amai, amma umarnin daga ƙwaƙwalwa yake zuwa, daga can gindinta wajen ƙeya. Saƙonni suna isa wannan wuri ta hanyoyi da dama. Akwai wani ɗan gurbi da ke ɗanɗana jini kullum, da ya ji baƙon sinadari sai ya kai ƙara. Akwai doguwar jijiyar saƙo mai suna bagus, wadda ta sauko daga kai ta ratsa wuya ta gefen tayirod har zuwa hanji, tana kai rahoton abin da ke faruwa a maƙoshi da ciki. Akwai ma'aunin daidaito da ke can cikin kunne, wanda shi ne ke sa wasu amai a mota. Sannan akwai tunani kansa, wato tsoro da wari da ganin abin ƙyama.

Kowace hanya da sinadarin da ke ɗaukar saƙonta. Serotonin, wanda kusan kashi 90 cikin 100 nasa a bangon hanji yake, shi ke tayar da jijiyar bagus. Dofamin yana aiki a gurbin da ke ɗanɗana jini. Histamin da asetilkolin su ne na hanyar kunne. Akwai kuma wani da ake kira sinadarin P, mai aiki a mahaɗar da saƙonnin duka suke taruwa. Abin ya yi kama da birni mai ganuwa da ƙofofi biyar, wanda ya tsare ƙofa ɗaya bai hana shiga ta sauran ba. Duk tsarin magungunan kariya a kan wannan aka gina shi.

Tiyatar maƙoƙo tana taɓa ƙofofi da yawa a lokaci guda. Maganin barci da na kashe zafi suna yawo a jini. Ana aiki dab da jijiyar bagus da rassanta. Ana sa matashi a ƙarƙashin kafaɗu a lanƙwasa kai baya na awa ɗaya zuwa uku don wuya ya buɗe, kuma likitoci da yawa suna ganin wannan kwanciya tana da hannu a jirin da ke biyo baya. Bayan an gama, maƙoshi yakan yi zafi saboda bututun numfashin da aka zura, kowace haɗiya tana tsokano kakari.

Wa ya fi shiga haɗari

A 1999 wani likitan sa barci Bajamushe, Christian Apfel, da abokan aikinsa suka fitar da ma'auni mai sauƙi da har yau ake amfani da shi a duniya. Tambayoyi huɗu ne: mace ce, ba ta shan taba, ta taɓa yin amai bayan tiyata ko takan yi amai a mota, kuma za a ba ta maganin kashe zafi dangin mofin bayan aiki. Wanda ba shi da ko ɗaya, haɗarinsa kamar kashi 10 cikin 100 ne. Mai ɗaya 20, mai biyu 40, mai uku 60, mai huɗu kuwa kusan 80.

Da an ɗora wannan ma'auni a kan masu maƙoƙo sai a ga inda yawan ya fito. Ciwon tayirod ya fi kama mata sau da yawa a kan maza, galibinsu ba su tsufa ba, kuma ƙuruciya ita ma tana ƙara haɗarin. A ƙasar Hausa da wuya a sami macen da ke shan taba. Ke nan matar da ta zo a cire mata maƙoƙo ta riga ta shigo da maki biyu tun daga ƙofar asibiti, allurar kashe zafi ta cika na uku. Idan tana cikin masu neman leda da zarar mota ta kama hanya, ta kai ƙarshen ma'aunin. Batun taba kuwa kada ya ruɗi kowa. Mashayi ya fi tari bayan tiyata, tari kuma yana matsa wa jijiyoyin wuya kamar yadda kakari ke yi, ga jinkirin warkewar rauni.

Rage abin da ke jawo shi

Kafin a zo ga maganin amai kansa, akwai zaɓin da likitan sa barci ke yi wanda shi ma magani ne. Iskar barci da ake shaƙawa, irin su halotan da aisofuluren da sebofuluren, ita ce babbar mai haddasa amai a awa 2 na farko. Idan aka riƙe barcin da furofofol, farin maganin nan mai kama da madara da ake ɗurawa ta jijiya daga farko har ƙarshe, haɗarin yakan ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Sai dai wannan yana bukatar na'urar da ke tura maganin a hankali da kuma wadatar maganin, abin da ba kowane asibiti ke da shi ba. Iskar barci ta naitiros ita ma akan guje mata idan aikin zai wuce awa guda.

Na biyu shi ne dangin mofin: mofin kansa, fetidin, fentazosin da tiramol. Dukkansu suna tayar da zuciya, kuma gwargwadon yawansu gwargwadon aman. Sa'ar da aka yi ita ce raunin tiyatar maƙoƙo ba ya cikin masu tsananin zafi. Farasitamol ta jijiya, da allurar kashe wuri da ake yi a gefen wuya biyu ko a bakin raunin, sukan wadatar da mutane da yawa, har a bukaci dangin mofin kaɗan ko ma a tsallake su. Asibitin da ya saba rubuta fentazosin kowace awa 6 ga duk wanda ya fito daga tiyata, ko yana jin zafi ko ba ya ji, yana sayo wa masu maƙoƙo aman da za a iya kauce masa.

Na uku ruwa ne. Ƙa'idar da aka yarda da ita ita ce a daina cin abinci awa 6 kafin aiki, amma ruwa zalla ana iya sha har saura awa 2. Tsohuwar al'adar hana ko kurɓa tun tsakar dare, sannan aiki ya kai la'asar ba a shiga ba, a garin da ake zafi kamar wuta, tana kai mutum teburin tiyata a bushe. Ƙarin ruwa isasshe ta jijiya lokacin aiki yana rage tashin zuciya bayansa.

Deksametason

A tiyatar maƙoƙo babu maganin da ya kai wannan dacewa. Tsohon magani ne mai araha, dangin sitiroyid, wanda ake samu kusan a kowane asibiti, shi ne kuma wanda aka gano a 2020 yana rage mutuwar masu korona mai tsanani. Ana ba da miligiram 4 zuwa 8 ta jijiya sau ɗaya tak. Lokacin bayarwa shi ne sirrinsa. Yakan ɗauki kamar awa 2 kafin ya kama, don haka a farkon aiki ake yin sa, da zarar barci ya ɗauke maras lafiya. Ba a yin sa ido biyu, domin idan aka tura shi da sauri ga wanda ke farke yakan jawo wani ƙaiƙayi mai zafi a matse-matsi na ɗan lokaci. Idan ya kama kuwa, aikinsa yakan wuce yini guda, ya rufe daren farko da sauran magunguna suke sakewa.

Amfaninsa bai tsaya ga amai ba. Da yake yana kwantar da kumburi, yana rage zafin rauni da na maƙoshi. A 2008, a Bern ɗin da Kocher ya yi aikinsa, likitoci sun gwada miligiram 8 kafin tiyatar tayirod, suka sami raguwar tashin zuciya da ta zafi, sannan muryar waɗanda aka ba ta fi ta sauran kyau a kwanakin farko. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga aikin da dushewar murya ke cikin abubuwan da aka fi tsoro a kansa.

An daɗe ana fargabar cewa zai sa rauni ya yi ruwa, tun da sitiroyid yana raunana garkuwar jiki. Wani babban gwaji da aka jagoranta daga Ostareliya, wanda ya ƙunshi mutum fiye da 8,000 aka kuma wallafa a 2021, ya nuna cewa miligiram 8 sau ɗaya bai ƙara ruɓewar rauni ba, har a cikin masu ciwon suga. Abin da yake yi tabbas shi ne ɗaga sugan jini kaɗan na kamar yini ɗaya, saboda haka mai ciwon suga akan riƙa auna shi, ko a ba shi ƙaramin awo. Allura ɗaya a ɗakin tiyata kuma ba ta da alaƙa da illar da ke samun masu shan ƙwayarsa wata da watanni don neman ƙiba, cikin magungunan da ake kira sha-ka-fashe. Amma wadda ta saba shan irin waɗannan lallai ne ta gaya wa likitan sa barci ba tare da jin kunya ba, domin jikinta yana iya daina sarrafa nasa sitiroyid ɗin, jininta ya faɗi ana tsakiyar aiki.

Ondansetiron da danginsa

Wannan shi ke tsare ƙofar serotonin. Kamfanin Glaxo na Ingila ne ya samar da shi a shekarun 1980 don masu shan maganin ciwon daji, aka sayar da shi da sunan Zofran, yanzu kuma kamfanoni da yawa suna yin sa, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Awonsa miligiram 4 ne ta jijiya. Shi kishiyar deksametason ne wajen lokaci: yana kamawa da wuri, yana sakewa da wuri, cikin kamar awa 4 rabinsa ya bar jini. Don haka a ƙarshen aiki ake yin sa, lokacin da ake ɗinke fata. Wanda ya yi shi a farkon aikin awa uku ya ɓarnatar da kaso mai yawa na ƙarfinsa a kan mai barci. Ya fi ƙarfi wajen hana amai a kan kwantar da tashin zuciya, ba ya sa maye, kuma illolinsa da aka fi gani su ne ciwon kai da taurin bayan gida.

Akwai wuri ɗaya da ake taka-tsantsan da shi. Yana ɗan tsawaita lokacin da zuciya ke ɗauka ta sake shiri tsakanin bugu da bugu, abin da ake gani a takardar awon zuciya. Ga mafi yawan mutane wannan ba komai ba ne. Amma wasu magunguna suna yin irin haka, ciki har da kwinin da kulorokwin na zazzaɓin cizon sauro, kuma faɗuwar kalsiyam a jini, wadda kan biyo bayan cire tayirod dukkanta, ita ma tana yi. Idan suka haɗu a kan mai ciwon zuciya, bugun yana iya rikicewa.

Ƙannensa sun fi shi daɗewa a jiki. Falonosetiron, wanda awonsa bai wuce miligiram 0.075 ba, sai bayan kamar awa 40 rabinsa ke fita, saboda haka allura ɗaya takan kai mutum har gida. Ramosetiron an fi amfani da shi a Jafan da Koriya ta Kudu. Yawancin gwaje-gwajen waɗannan biyun a tiyatar tayirod daga Koriya suka fito, kuma da dalili: yawaitar duba wuya da na'urar hoto ta sa ciwon dajin tayirod da ake ganowa a ƙasar ya ninka sau 15 tsakanin 1993 da 2011, aikin cire ta ya zama ruwan dare.

Giranisetiron yana da labari mai ɗaci. Wani likita ɗan Jafan, Yoshitaka Fujii, ya shafe kusan shekara 20 yana wallafa sakamakon gwaje-gwaje a kan magungunan amai, da yawa a kan wannan magani, wasu ma a kan matan da aka yi wa tiyatar tayirod. Tun a 2000 wasu likitocin Jamus, ciki har da Apfel, suka lura cewa alƙalumansa sun yi kyau fiye da yadda gaskiya kan yi. Sai a 2012, bayan wani likitan Ingila mai suna John Carlisle ya bi lissafin gwaje-gwajensa 168 ɗaya bayan ɗaya, ƙungiyar likitocin sa barci ta Jafan ta tabbatar da ƙage a takardu 172. An janye fiye da 180. Da masu binciken ƙungiyar Cochrane suka sake tattara hujjoji a 2020, daga gwaji 585 da mutum fiye da 97,000, ba tare da takardun da aka janye ba, giranisetiron ya tsira cikin magungunan da aka tabbatar suna aiki, tare da ondansetiron da ramosetiron da deksametason da afirefitan.

Sauran masu tsaron ƙofa

A ƙofar dofamin akwai diroferidol, miligiram 0.625 zuwa 1.25. Ƙarfinsa daidai yake da na deksametason da ondansetiron, amma ya yi ƙaranci a kasuwa bayan da hukumar magunguna ta Amurka ta ɗora masa gargaɗi mai tsanani kan bugun zuciya a 2001. Haloferidol, wanda aka fi sani a asibitin masu taɓin hankali, yana maye gurbinsa idan aka ba da ɗan kaɗan, kamar miligiram 1.

Metokulofiramid, wato Maxolon ko Plasil, shi ne wanda hannu ya fi saurin kaiwa gare shi a asibitoci da yawa, alhali a awon da aka saba, miligiram 10, kariyarsa ba ta taka kara ta karya ba. Ga shi kuma yakan sa wasu, musamman 'yan mata da matasa, sanƙarewar wuya da karkacewar baki da juyewar ido sama. 'Yan uwa sukan ɗauka iska ce ta taɓa maras lafiya, ma'aikaci kuma yana iya ɗauka faɗuwar kalsiyam ce. Allura tana warware shi nan da nan, amma murɗewar wuya a kan sabon ɗinki abu ne da ya kamata a guje masa tun farko. Inda akwai ondansetiron, babu dalilin fifita wannan a kansa.

Furometazin, wato Phenergan, yana aiki ta ƙofar histamin, sai dai yana sa barci mai nauyi, kuma mai sabon ɗinki a wuya ana so ya kasance a farke yadda zai iya cewa numfashi na yi masa wuya. Sikofolamin ɗan manne ne da ake liƙawa a bayan kunne awanni kafin aiki, yana aiki har kwana 3, ya fi dacewa da masu amai a mota. Sinadarinsa shi ne wanda ke cikin zaƙami, an dai auna shi ƙanƙane ƙwarai. Yana busar da baki, yana dusashe gani, ba a kuma sa wa tsofaffi domin yakan ruɗa su. Afirefitan, ƙwaya ɗaya ta miligiram 40 kafin shiga tiyata, ya fi kowanne hana amai, amma yana da tsada, kuma yana raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa har kusan wata guda.

Haɗawa

Babban gwajin da ya kafa tsarin yau an wallafa shi a 2004, an yi shi a asibitocin Turai a kan mutum 5,199 masu haɗarin amai. Ya nuna cewa ondansetiron da deksametason da diroferidol kowannensu yana rage haɗarin da kusan kashi 26 cikin 100, wato rubu'i, kuma kowanne yana cin gashin kansa, bai damu da ko an ba da ɗayan ba. Lissafin a fili yake. Matar da haɗarinta yake 80, magani ɗaya zai sauko da shi wajen 60, na biyu wajen 45, na uku kusan 33. Wanda haɗarinsa 10 ne kuwa, magani ɗaya 7 kawai zai mayar da shi. Ribar tana ga masu babban haɗari, kuma a wurinsu magani ɗaya bai isa ba, komai sunansa da tsadarsa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ninka awon magani ɗaya ba ya yin abin da ƙara wani daga wata ƙofa ke yi, illa kawai yake ƙarawa.

Ƙa'idojin ƙwararru na duniya da aka sabunta a 2020 sun ce mai dalilin haɗari ɗaya ko biyu a ba shi kariya iri biyu, wanda ya wuce haka a ba shi uku ko huɗu. A aikace, ga mace mai shekara 35 da za a cire wa maƙoƙo, wannan yana nufin deksametason da an sa ta barci, allurar kashe wuri a wuya, farasitamol da ƙarin ruwa ana cikin aiki, ondansetiron ana ɗinki, sannan ɗan haloferidol ko riƙe barci da furofofol idan tana da tarihin amai. Ginshiƙan biyu, deksametason da ondansetiron, kuɗinsu bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba.

Idan aman ya zo duk da haka

Ko an yi komai daidai, wasu za su yi. Abin farko ba allura ba ce, dubawa ce: wuya ya kumbura, jini ya faɗi, ko an ba da dangin mofin yanzun nan. Bayan haka sai a ba da magani daga ƙofar da ba a tsare ba tukuna. Maimaita ondansetiron kafin awa 6 ba ya ƙara komai, deksametason kuma ba a maimaita shi, ba ya ma aikin gaggawa. A nan ne ɗan ƙaramin awo na furometazin, miligiram 6.25 zuwa 12.5, ko haloferidol, ke da amfani. Akan ɗaga kan gado, a tallafe ƙeyar maras lafiya da hannu idan zai yunƙura, a guji tayar da shi zaune farat ɗaya. Sha ana farawa da kurɓin ruwa, sannan koko ko kunu mai ruwa-ruwa maras zafi sosai. Romo mai maiƙo da yaji da 'yan dubiya ke kawowa ya jira sai ciki ya zauna.

Mai jinya da ke kwana a gefen gado ya san alamun da ba a jira da su. Kumburin wuya ko jin kamar ɗinkin yana shaƙewa, wahalar haɗiye yawu, sauyin murya farat ɗaya, numfashi mai ƙara, ko rashin natsuwa da neman tashi zaune ko ta halin ƙaƙa, duk suna nuna jini na taruwa, kuma a kira ma'aikaci nan take ko da tsakar dare ne. Amai tare da zazzaɓi mai zafi da bugun zuciya da sauri da ruɗewa, ga wanda tayirod ɗinsa ke aiki fiye da kima kafin tiyata, alama ce ta tumbatsar sinadarinta a jini, wadda ita ma gaggawa ce. Jin dindiris a leɓe da yatsu ko ƙandarewar hannu, galibi a rana ta biyu ko ta uku, faɗuwar kalsiyam ce.

Tun da asibitoci da yawa suna sallama washegari, tashin zuciya yana iya bin mutum gida, musamman mace 'yar ƙasa da shekara 50 wadda ta yi fama da shi a ɗakin farfaɗowa, ga kuma jijjigar mota a hanya mai nisa. Irin wannan akan haɗa ta da ƙwayar ondansetiron ta kwana ɗaya ko biyu, akwai ma mai narkewa a kan harshe ba sai da ruwa ba, a kuma sallame ta da farasitamol maimakon tiramol. Idan amai ya hana ta riƙe ƙwayar kalsiyam ko ta tairoksin, wadda ke maye gurbin aikin halittar da aka cire, sau biyu a jere, asibiti za ta koma a ba ta ta wata hanya, ba kantin magani ba.